Rediyo a ƙauye, kunne a cikin gari

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutane a nan Bauchi, musamman dattawanmu, wai gajeren zango ya mutu, ka kunna rediyo ba abinda zakaji sai shuuuu da ƙarrrr, ka murɗa daga wannan ƙarshen har wancan ƙarshen da ƙyar ka kama tasha ɗaya da zaka gane me ake cewa. Ni dai ban yarda ya mutu ba. Tashoshi sun ragu, wannan ba musu, amma babban abinda ya canza gidajenmu ne, ba sararin sama ba. A da gidan mutum ƙwan fitila ne mai jan wuta da fanka da rediyo, shikenan. Yanzu ka duba gidanka: inbata, na'urar cajin sola, ƙwan LED a kowane ɗaki, cajar waya ta araha guda biyar a jikin soket, talabijin, dikoda, ga maƙwabcinka shima yana da irinsu har ma fiye. Kusan duk waɗannan kayan a cikinsu suna yanka wutar ne suna haɗawa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan yanke-yanken yana fitar da ƙara da ke bazuwa daidai inda gajeren zango yake, wayoyin wutan gidan kuma su zame mata eriya. Tashar da ta taso daga dubban kilomita ta iso a gajiye, ita kuma caja tana nan kusa da kai tana ihu, wa zaka ji?

In kana so ka tabbatar ba sai ka sayi komai ba. Ka ɗauki rediyo mai batir, ka ajiye shi inda ba tasha, ka matsa dashi kusa da inbata ko caja kaji yadda ƙarar ke tashi. Sannan ranar da aka ɗauke wuta a unguwa kafin mutane su tada janareto ka sake murɗawa, ko ka fita dashi bayan gari ta hanyar Dass ko ta Ningi ka tsaya inda ba gida kusa. Wallahi zakayi mamaki, tashoshin da ka ɗauka sun rufe suna nan daram.

Toh tunda ba zamu ce ma mutane su kashe inbata su zauna a duhu ba, kuma ba kowa ne zai tashi ya koma ƙauye don sauraron rediyo ba, mafita ita ce a raba mutum da akwatin. Rediyon ya zauna can inda ake da shiru, kai kana Yelwa ko Fadamar Mada ko ma kana Gombe ko Kano, manhaja a kwamfuta ko a wayarka tana aika masa umarni ta intanet, ya koma kaza, ya ƙara kaza, shi kuma ya turo maka da sautin. Wannan shine gaba ɗaya abinda nake son magana a kai yau, kuma ba sabon abu bane a duniya, mu ne dai bamu kama shi ba.

Tun 2008 wani masani a jami'ar Twente da ke ƙasar Holan, Pieter-Tjerk de Boer, ya ɗora rediyo a intanet da ake kira WebSDR. Har yau yana aiki, yana kama tun daga ƙasa har wajen 29 MHz, kuma ɗaruruwan mutane na shiga lokaci guda kowa na murɗa tashar da yake so ba tare da ya taɓa na wani ba. Dalili kuwa shine ba irin akwatin da muka sani bane mai kama tasha ɗaya tak, na'urar tana kwaso zangon ne gaba ɗaya ta maida shi lambobi, sai manhaja ta yanko ma kowa nasa. Irin wannan rediyon shi ake ce ma SDR, wato wanda manhaja ce ke yin mafi yawan aikin da a da ƙarafa da kwayil ke yi. Daga baya wajen 2016 aka fito da KiwiSDR, ƙaramin allo ne da John Seamons ya tsara, yana kama daga 10 kHz zuwa 30 MHz, ka jona masa eriya da wayar intanet kawai, mutum huɗu su saurara tare ta burauza, ko a waya ma yana buɗewa. Akwai taswirar da ke nuna inda kowanne yake. Ka buɗe taswirar nan ka kalli Turai da Amurka, cike maƙil har alamun na hawa kan juna, sannan ka gangaro da ido Afirka ta Yamma. Tsiraru ne. Abin nan yana min ciwo sosai, domin in ana maganar mutanen da suka riƙi rediyo da gaske a duniya dole a sa Hausawa a gaba-gaba. BBC ta fara Hausa a 1957, DW a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ba don komai ba sai don sun san akwai kunnuwa a nan. Rediyo Kaduna a 6090 kHz, mita 49, shekara da shekaru shine abokin hirar manomi da makiyayi da direba. Ace duk da haka in kana so kaji yadda sararin sama yake sai ka ari kunnen wani bature a Holan, abinda yake ji kuma ba shine ake ji a Bauchi ba, tashar da aka saita eriyarta ta fuskanci Najeriya daga tsibirin Ascension da ke tekun Atlantika a nan take da ƙarfi, can kuwa sai dai a ji ta sama-sama.

Bari in sauko kan yadda ake yi da kayan da aljihun talaka zai ɗauka. Akwai wata 'yar na'ura kamar filash, asalinta an yi ta ne don kallon talabijin a kwamfuta, a cikinta akwai cif mai suna RTL2832U. Wajen 2012 masu bincike irinsu Antti Palosaari da mutanen Osmocom suka nuna cewa za'a iya sa ta ta turo ɗanyen siginar ba tare da ta sarrafa shi ba, daga nan ta zama rediyo mafi araha da ake da shi, ana ce mata RTL-SDR. Irin na gama-gari suna kama daga wajen 24 MHz zuwa sama da 1,700 MHz, kaga kenan gajeren zango yana ƙasa da inda suka fara, don haka in shi kake nema ka tabbatar ka sayi wadda aka gyara domin sa, kamar V3 ko V4 na RTL-SDR Blog. Ka soka ta a jikin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ko tsohuwar laftof da aka daina amfani da ita, ka sa Linux, ka haɗa da ƙaramin rawuta mai layin waya. Kayan kenan. Da wannan 'yar abar ma in ka sa mata gajeriyar eriya zaka iya ganin jiragen sama a taswira, suna sanar da inda suke a 1090 MHz, lokacin jigilar alhazai daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa yara na jin daɗin kallon wannan ba kaɗan ba. Amma wannan hira ce ta wata rana.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami shine wajen data, kuma a nan nake so a tsaya a yi lissafi. Manhaja ta farko da kowa ke cin karo da ita a bidiyon koyarwa ita ce rtl_tcp, tana sauraro a ƙofa ta 1234, wato lambar da ake samunta da ita a netwok, aikinta ta kwaso duk abinda na'urar ta kama ta watso shi ta netwok yadda yake. Na'urar na ɗaukar samfuri miliyan 2.4 a daƙiƙa, kowane samfuri bayit 2, kaga 4.8 MB kenan duk daƙiƙa ɗaya, a awa ɗaya ya haura 17 GB. Awa ɗaya fa! Waɗanda suka yi bidiyon a cikin gidansu suke, rediyo na bene su suna ƙasa waya ce ta haɗa su, ba ruwansu da sayen data. Mu kuwa yin haka kamar kace a kwaso maka kasuwar Muda Lawal gaba ɗaya a kawo ƙofar gida ne alhali mudu ɗaya na gero kake so. Ko kana da kuɗin ma sabis ɗin ƙauye ba zai iya tura wannan nauyin sama ba, sautin zai riƙa yankewa ne har ka gaji. Abinda ya dace shine aikin yanka da tacewa ya faru can a wajen rediyon, a turo maka sauti kawai da ɗan hoton zangon. Sauti da aka matse da Opus, wani tsarin rage nauyin sauti, a 32 kbps bai kai 15 MB ba a awa, ka kwatanta da 17 GB. Manhajojin da ke yin haka suna nan kyauta, akwai SpyServer na kamfanin Airspy wanda ke turo ɗan yankin da kake saurare kawai zuwa manhajar sauraro ta SDR#, akwai kuma OpenWebRX wanda András Retzler ɗan ƙasar Hungari ya fara, shi burauza kawai kake buƙata. Ni na fi son OpenWebRX saboda dalili guda, Baba ko Kawu ba sai an sa musu komai a waya ba, ka tura musu adireshi su danna su ji.

Sai matsala ta biyu wadda ke sa mutum ya ɗauka kayansa ne suka lalace alhali lafiyarsu ƙalau. Ka haɗa komai, a cikin gida yana aiki, kana fita ka gwada shiga daga waje sai shiru. Abinda ke faruwa shine layukan waya galibi basa ba kowane mutum adireshin intanet nasa na kansa, mutane da yawa ake tarawa a bayan adireshi ɗaya, ana kiran tsarin CGNAT, don haka kai zaka iya fita ka nemi wasu amma wani daga waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, duk buɗe ƙofar da zakayi a rawutarka a banza. Maganinsa shine na'urorin biyu duk su fita su haɗu a wata keɓantacciyar hanya. Manhajojin Tailscale da ZeroTier suna yin wannan cikin sauƙi, kuma suna da tsarin kyauta ga mai ƙaramin amfani, Tailscale ɗin a kan WireGuard, wani tsarin keɓe hanya a intanet, aka gina shi. Ka sa a Raspberry ɗin, ka sa a wayarka, sai su riƙa ganin juna tamkar a gida ɗaya suke. In kuma so kake jama'a su shiga ba kai kaɗai ba, sai a kama ƙaramar saba, wato kwamfuta ta haya a intanet, ta zama ita ce ƙofar.

Wuta ba abin tsoro bace a nan. Raspberry da 'yar na'urar da rawuta duka duka wajen wat 10 ne, a yini da kwana wajen 240 Wh, batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da kusan 1,200 Wh, da faranti ɗaya na sola an wuce wajen. Sai dai dan Allah kar ka kwashi ƙarar da ka gudo mata a gari ka kai ta ƙauyen da hannunka. Kar a sa inbata sam, daga batir a sauke wutar zuwa 5V kai tsaye da na'ura mai kyau, na'urar cajin solan a nisanta ta da eriya, a naɗa wayoyin a zoben ferait in an samu. Eriya kuwa waya ce kawai, doguwar wayar tagulla mita 15 ko 20 a ɗaure ta sama tsakanin bishiya da gini ta wadatar ma mai sauraro. Wanda ke son ta dace da wani zango na musamman sai ya raba 143 da lambar MHz ɗin, abinda ya fito shine tsawon wayar gaba ɗaya a mita, a yanka ta biyu a tsakiya a jona kebul. Na 6 MHz zai kama wajen mita 23 da ɗoriya. Da damina kuma a ji tsoron tsawa, a kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaure, kuma a samu wani a gidan da za'a kira ace ya zare eriya in hadari ya haɗo, wannan ba abinda manhaja zata yi maka bane. Da dare zaka ga ƙananan zangon kamar mita 49 da 41 sun buɗe, da rana kuma mita 19 da 16 suka fi, saboda yadda rana ke canza sashen sama da ke dawo da siginar ƙasa.

Duk wannan sauraro ne. Akwai ɗaya ɓangaren, na masu rediyon da ke magana, wato masu sha'awar rediyo da ke da lasisi da lambar kira, namu na Najeriya lambarsu da 5N take farawa, kuma akwai ƙungiyarsu ta ƙasa NARS. Su akwatinsu yana karɓa yana kuma aikawa, kuma kusan duk na zamani yana da ƙofar da kwamfuta ke bashi umarni, ana ce ma tsarin CAT, kamfanin Icom nasu CI-V suke kiransa. Matsalar ita ce kowane kamfani da yarensa, Yaesu daban, Kenwood daban, Icom daban. Shine tun wajen shekarar 2000 aka fara wani aiki na kyauta mai suna Hamlib wanda ya san yaren akwatuna sama da 200. A cikinsa akwai wani ɗan shiri, rigctld, shi ke zama kusa da rediyon yana riƙe da wayar USB, yana kuma sauraron netwok a ƙofa ta 4532. Abinda ke burge ni dashi sauƙinsa. Ka tura masa ƙaramin f ya faɗa maka inda rediyon yake, ka tura F 14074000 ya koma 14.074 MHz, ka tura M USB 2400 ya canza yanayin siginar (USB a nan sunan yanayi ne, ba wayar USB ba), ka tura T 1 ya fara aikawa, T 0 ya daina. Rubutu ne zalla, ɗalibin da ya fara koyon Python a makon nan zai iya rubuta abinda zai juya akwatin miliyoyin naira daga wani gari. Akwai ɗan uwansa rotctld a ƙofa ta 4533 mai juya eriya ta fuskanci inda kake so.

Amma ka lura da T 1 ɗin nan. Duk wanda ya iso ƙofar 4532 zai iya tura shi, ba wanda zai tambaye shi ko waye, kuma da lambar kiranka za'a ji siginar a duniya. Don haka ba'a barin wannan ƙofar a buɗe ga intanet ko da wasa, a bayan Tailscale ko WireGuard take zama. Na biyu, sabis na iya ɗaukewa bayan ka tura T 1 kafin T 0 ya isa, sai akwatin ya ci gaba da aikawa ba kowa a kusa, yayi zafi, ya toshe ma wasu zango. Yawancin akwatuna suna da agogon da ke katse aikawa bayan 'yan mintuna, a kunna shi tun ranar farko, in da hali ma a sa wani makunni daban da zaka iya yanke masa wuta daga nesa.

Sautin kuma hanyarsa daban, rigctld umarni kawai yake ɗauka. Akwatin IC-7300 da ya fito a 2016 waya ɗaya ta USB ke ɗauke da umarni da sauti duka amma asalinsa bashi da ƙofar netwok, sai a haɗa shi da Raspberry a sa manhajar wfview ta zama gada, irinsu IC-705 da IC-7610 kuwa da netwok ɗinsu suka zo. In magana da baki zakayi jinkirin sabis yana damu, kana gama magana wancan ya riga ya fara, sai an yi haƙuri da juna. Shi yasa ni a ganina ga yanayin sabis ɗinmu FT8, wato aika gajeren rubutu ta rediyo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ya fi dacewa. Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 1993, shi da Steve Franke suka fito dashi a 2017 cikin manhajar WSJT-X. Saƙo ne gajere, kowane zagaye daƙiƙa 15, faɗinsa 50 Hz kacal, kuma kwamfuta na tsamo shi ko da ya nutse can ƙasa da ƙara inda kunnen mutum baya jin komai. Dabarar ita ce WSJT-X ɗin ya zauna can a kwamfutar da ke kusa da rediyon, kai allon kawai kake leƙawa daga nesa da VNC, ko sabis ya yi tangal-tangal aikin na tafiya. Abu ɗaya da baya yafewa shine agogo, in agogon kwamfutar ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ka fara rasa saƙonni, don haka a bar shi yana saita kansa da intanet ko da GPS.

Kuma ga inda wanda bashi da lasisi zai shigo, domin karɓar FT8 baya buƙatar ka aika komai. Ka bar RTL-SDR ɗinka a 14.074 MHz inda ake yin FT8, manhajar WSJT-X na karanta duk wanda ta ji tana kai rahoto shafin PSK Reporter, sai mutum a Brazil ko Japan ya buɗe taswira yaga an ji shi a Bauchi. Masu wannan harkar suna matuƙar son rahoto daga yankinmu saboda ƙarancinsa. Aikawa dai kam sai da lasisi daga hukuma, kar wani ya sayo akwati ya hau iska haka kawai, musamman a halin tsaron da ake ciki, kuma maganganun jami'an tsaro ba abin bi bane balle a naɗa a yaɗa, tashoshin watsa labarai da zangon masu sha'awa sun ishe mu. Ga masu lasisi akwai ma EchoLink tun 2002, wanda ke haɗa 'yar oba-oba ta hannu da wata tasha a wata ƙasa ta intanet, kuma sai sun tantance lasisinka kafin su barka ka shiga.

Abinda nake fata, kuma da gaske nake, shine a samu rediyo ɗaya buɗaɗɗe na jama'a a jihar nan. Muna da jami'ar ATBU, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk shekara ɗaliban lantarki da na kwamfuta na neman aikin kammala karatu, ga aiki nan da ya haɗa eriya da sola da netwok da rubuta manhaja a wuri guda, kuma ba zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura ba. Masu gyaran rediyo na Wunti da suka shekara talatin suna riƙe da ƙarfen soda sun fi kowa sanin eriya da kunnen gane ƙara, a haɗa su da yaran da suka iya Linux. Wuri kuma ba'a rasa ba, ta wajen Gubi, ko Liman Katagum, ko gindin duwatsun Dass, duk inda sabis ke kamawa ko da sanda biyu ne kuma babu babban layin wuta kusa. Kafin a kafa komai a fara zuwa da rediyo mai batir a zagaya wurin safe da dare a ji yadda shirunsa yake, a gwada layuka daban-daban a ga wanne ya fi tura data sama ba saukewa kawai ba, sannan a zauna da mai gidan a yi magana ta fahimta kan wanda zai riƙa share farantin sola lokacin hunturu da wanda zai zare eriya da damina. Wanda ke Bauchi ko Gombe kuma yana da RTL-SDR ko KiwiSDR a ajiye, ko yana da gida a bayan gari da zai bada aron rufinsa, dan Allah yayi magana mu san juna.